Ranar da Na Murɗe Rodin Jitar Baffa

Jiya da hantsi wani mai a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar gidana yana jiran fasinja, ya ƙure sautin kiɗansa. Ban ji waƙar ba, ban ma san da wane harshe ake yin ta ba. Abin da ya iso ni har cikin kicin shi ne ƙasan kiɗan, wannan dum, dum ɗin da ƙirji ke riga kunne ji. Murfin tukunya ya kama rawa a kanta. Sai na tsinci kaina tsaye da ludayi a hannu, na koma 'yar shekara goma a gidanmu na Kankiya, kunyar da na saba ji ta taso mini. Bari in ba ka labarin, mai karatu, amma kada ka sa ran za ka so ni idan na gama.

Lokacin jihar Katsina ba ta daɗe da samuwa ba. Gidanmu babba ne, kuma mutum ɗaya ke juya shi, wato kakana, mahaifin babana. Ya yi aiki a ofishin hakimi shekaru masu yawa, ya ajiye, ya koma ga gonakinsa da ke Ƙofa, can ƙasar Kusada. Kowa a gidan Baba yake ce masa, murya ƙasa-ƙasa. Ni kaɗai ke ce masa Tsoho a gaban idonsa, shi kuma ya ce mini amarya, irin wasan jika da kaka. In ya ce furata ta yi tsami, in ce haƙoransa ne suka ƙare. A gidan da manyan maza ke durƙusawa kafin su yi magana, ni a kan buzunsa nake zama.

Ba a banza na samu wannan matsayi ba. Ni ce kunnensa a cikin gida. Wadda ta yi wa mijinta tsaki, wanda ya makara sallar asuba, wanda ya sayar da ɗan akuya a ɓoye, duk kafin Tsoho ya gama shan kokonsa na kai masa. Mata in sun ga na shigo sai hira ta mutu, wata ta ce, "Ga rediyo nan ta iso." Ban damu ba. Ina jin daɗin yadda yake karkato kai idan na fara magana, kamar wata babba ce ta zo da batu.

Akwai abin da aka san Tsoho da shi ban da tsanani, shi ne miƙar da sanda. Makiyaya har daga wajen Kunduru suna kawo masa sandunansu da suka karkace, manoma su kawo ƙotar gatari. Sai ya rufe ido ɗaya ya hango sandar daga kai zuwa gindi, ya shafe ta da man shanu, ya gasa ta sama-sama a kan garwashi, ya sa ta a tsakanin reshen dalbejiyar ƙofar gida ya danna kaɗan. Kaɗan fa. Daga nan ya ɗaure ta ya ajiye sai gobe. Sanda ɗaya takan ci masa mako guda. Wanda ya ce yana sauri, Tsoho ya miƙa masa abarsa ya ce ya kai wa wanda zai karya masa ita. Har yau in na ji ƙaurin man shanu a wuta, zaurenmu nake gani.

Baffa shi ne autansa, ƙanen babana. An tura shi Jos wurin wani ɗan'uwa don ya koyi buga tafireta ya dawo ya shiga ofis kamar babana. Shekara shida ya yi. Ranar da ya dawo, ya sauko daga mota da jakar kaya ƙarama da wani dogon baƙin akwati, yara muka bi shi muna cewa bindiga ce. Da ya buɗe a tsakar gida sai ga jita ja, fentinta ya ɗan ɓantare a gefe, wuyanta dogo, tsirkiyarta huɗu masu kauri kamar wayar birkin keke. Ya ce sunanta bes. Ya ce shekara huɗu yana kaɗa ta a wata ƙungiyar makaɗa, ƙungiyar ta watse, ita kaɗai ya tsira da ita.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba ba zai gane girman abin ba. Makaɗa suna da gidajensu a garin. Ana biki su zo su yi mana kirari, mu ba su, su tafi. Ba ma cin abinci kwano ɗaya da su, ba ma aure a cikinsu. Kuma wai ɗan gidan nan, jikan malamai, ya ɗauki abin kiɗa ya rataya a wuya. Tsoho ya daɗe yana kallon jitar, sannan ya ce, "Na aike ka ka koyo aikin ohis, ka komo mani maroƙi."

Bai kore shi ba. Da ya kore shi da ya fi masa sauƙi. Ya ba shi ɗakin da ke kusa da turken awaki, ya raba masa kwano, ya kuma mai da shi abin nishaɗin zaure. In abokansa sun taru, sai ya aika a kira Baffa, ya jefa masa ɓarin goro a gaban ƙafa ya ce, "Ga maroƙin gidanmu. Ku ba shi wani abu shi yi maku kirari." Tsofaffi su bushe da dariya. Baffa yana durƙushe, kai a ƙasa, ya ɗauki goron da hannu biyu, don ɗa ba ya barin kyautar uba a ƙasa. Mata a cikin gida suka sa wa jitar suna garayar Nasara. Mu yara in ya wuce sai mu riƙa kaɗa cikinmu muna bin sa. Ni ce kan gaba, don na fi kowa sanin abin da ke sa Tsoho dariya.

Leƙen asiri ne ya fara kai ni ɗakinsa. Ba shi da sifika, ya sayar kafin ya taho, don haka in ya kaɗa da ƙyar ake ji. Dabararsa ita ce ya jingina kan jitar da ƙyauren katako, sai ƙyauren ya ɗauki sautin ya cika ɗakin. Bayan la'asar yake yi, lokacin da Tsoho ke masallaci. Ranar da ya kama ni a bakin ƙofa na zaci zai kore ni. Sai ya ce, "Zo, ɗiyata. Aza haɓarki nan." Na ɗora haɓata a kan katakon, ya ja tsirkiya mafi kauri. Sautin ya shiga haƙorana, ya gangara har cikin cikina. Na yi tsalle na ja da baya, ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa tun da ya dawo.

Daga nan kullum ina can. Gaskiya ita ce na so wurin. A duk gidan shi kaɗai ne babban da in na ce "me ya sa" yake tsayawa ya ba ni amsa. Amma kada ka ɗauka na daina aikina. Abin da na gani a ɗakinsa da yamma, da safe yana kunnen Tsoho.

Da bazara ta kankama, zafi ya sauko irin wanda ke sa kwanon rufi ƙara da rana tsaka, jitar ta fara ba shi wahala. Katakon ya saba da sanyin Jos, ga shi an kawo shi Kankiya. Wuyan ya lanƙwaso gaba, tsirkiyoyin suka yi sama suka bar katakon, sai ya danna da ƙarfin gaske kafin sauti ya fito, kuma ya fito a karkace. Kan yatsunsa ya tsattsage. Ya nuna mini yadda ake ganewa. Ya danne tsirkiya ɗaya a kan na farko da na ƙarshe cikin layukan ƙarfen da ke jere a wuyan, ya ce in duba tsakiya. Ya ce tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da ƙarfen bai kamata ta wuce kaurin reza ba. Na duba, tsinken ashana ma zai wuce bai taɓa komai ba.

Ya ce tsirkiyoyin nan huɗu dare da rana jan wuyan suke yi, da katako ne kaɗai da tuni ya naɗe. Abin da ke riƙe shi wani siririn rodi ne da aka ɓoye a cikin wuyan, daga kai har gangar jiki. Ya kwance wani ɗan murfi a kan jitar, sai ga bakin rodin, noti ne ƙarami a cikin rami. Ya sassauta tsirkiyoyin duka, ya ɗiga man keken ɗinki, ya ɗauko ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da makanikai ke kira alanki, ya zura. Ya murɗa dama, kwata ɗaya kacal na zagaye. Sannan ya mai da tsirkiyoyin daidai, ya rataye jitar a ƙusa.

Na ce, "Shi ke nan? Ai ba ta miƙe ba."

Ya ce, "Sai gobe. Katako ba ya bin ƙarfe nan take, sai ya kwana. In kika matsa mashi, ko rodin shi tsinke ko wuyan shi tsage, kuma duk ƙasar nan ba mai iya gyara shi. Maimaita in ji."

Na maimaita. Washegari ya sake dubawa, tazarar ta ragu kaɗan, ya ɗora hannunsa a kan nawa muka yi kwata na biyu tare. Na ji yadda notin ke tafiya da nauyi, yana ɗan kuka. Ya sake sa ni na maimaita abin da zai faru in an matsa.

A ranar ne wani direba ya kawo masa wasiƙa daga tasha. Tsohon shugaban ƙungiyarsu ne ya rubuto. Ya samu wurin kiɗa na dindindin a Kaduna, da albashi da ɗakin kwana, yana neman mai bes wanda ke da jitar kansa. In Baffa ya iso ran Asabar ta sama, wurin nasa ne. In bai zo ba za a ba wani. Baffa ya karanta ta ya fi sau biyar a gabana. Ya ƙirga da yatsu, saura kwata biyu ko uku wuyan ya miƙe, kwanaki kuma sun isa har da saura. Murna ta cika shi, kuma ba shi da wanda zai gaya wa a gidan nan sai ni.

Ya ce, "Kada ki faɗa ma kowa, ɗiyata. Ni zan sami Baba da kaina in lokaci ya yi."

Na ce to. Na kwana da maganar tana cin raina, don ban taɓa riƙe labari mai girmanta ba. Da safe Tsoho bai kai rabin kokonsa ba na zazzage masa ita duka.

Bai yi faɗa ba. Wasiƙar ma bai tambaye ni sosai a kanta ba. Rodin ya fi damunsa. Ya sa na bayyana masa inda yake, da abin da ake murɗa shi da shi, da yawan murɗin da ake yi a rana. Sannan ya ce, "In an matsa hwa?"

Na ce, "Sai shi tsinke. Kuma ba mai gyara shi."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da shan kokonsa. A kwanakin nan hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, kowa ya san ruwa ya kusa. Gonakin Ƙofa suna jiran hannu, babana yana ofis, sauran 'ya'yan sun tafi Kano fatauci. Ga kuma mutanen Kankiya da ke zuwa Kaduna, waɗanda za su dawo su ce sun ga ɗan wane yana yi wa 'yan rawa kiɗa. A lokacin ban haɗa waɗannan ba, ni dai na ga ya ji daɗin labarina.

Kwana biyu bayan haka ranar kasuwar Kusada ce. Tun da sassafe Tsoho ya tura Baffa a kan keke ya sayo irin gyaɗa, ya biya ta Ƙofa ya dubo ko an gama sharar gona. Da hantsi ya yi, abokan Tsoho biyu suka zo zaure kamar kullum, wani tsohon direba da wani mai sayar da goro. Tsoho ya kira ni ya ce in ɗauko garayar da ɗan ƙarfenta. Ɗakin a buɗe yake. A gidanmu ɗa ba ya sa wa ɗakinsa kwaɗo uba na raye.

Aka shimfiɗe ta a kan buzu. Tsoho ya ɗaga ta, ya rufe ido ɗaya ya hango wuyan daga kai zuwa gindi, daidai yadda yake yi wa sanda. Ya ce, "Lalle ta karkace. Yaron nan kwana nawa shina wahala shi kaɗai. Mu taimake shi mana. Amarya, ke kin iya, nuna mamu."

Na ji kaina ya kumbura. Tsofaffi uku sun zuba mini ido. Na kwance murfin da bakin wuƙa, na ce sai an sassauta tsirkiya tukuna. Tsoho ya ce in bar su haka nan, ba mu da lokaci. Na zura alanki na murɗa kwata ɗaya, na cire hannu na ce na yau ya ƙare.

Direban ya ce, "Kai, yarinya ta zama makanike!"

Tsoho ya ce, "Ƙara."

Na ce, "Baffa ya ce sai gobe."

"Ni da Baffanki wa ya haihi wani? Ƙara."

Na ƙara. Na sake ƙarawa. Notin ya yi tauri, katakon ya fara wani ɗan kuka daga ciki, na ji shi a tafin hannuna. Na tsaya. Ina so ka san cewa na tsaya, kuma ina so ka san cewa na san dalilin tsayawar. Maganar da aka sa na maimaita sau biyu tana nan a kaina kalma bayan kalma. Sai mai goro ya ce, "Bar ta, Malam, ƙarfinta ya ƙare. Mace ce."

Wannan ce ta ƙona ni. Na kama ƙarfen da hannu biyu, ya ƙi motsi. Tsoho ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani guntun bututun ƙarfe da yake amfani da shi wajen aikin sanduna, ya ajiye a gabana. Bai taɓa alankin da hannunsa ba, ko sau ɗaya. Ya dai ce in zura bututun a kansa, zai yi mini sauƙi. Mutumin da ke ba sanda mako guda, wanda ke korar makiyayi don ya ce yana sauri, shi ne ya miƙo mini bututun nan. Ya fi kowa a garin sanin abin da gaggawa ke yi wa itace.

Na zura, na kwanta a kai da dukan nauyina. Ƙas! Ƙarar ba ta ma da yawa. Alankin ya saki, ya riƙa juyawa ba abin da ke riƙe shi. Tsaga ta bi bayan wuyan daga kai ta gangaro kamar tsawon tafin hannu, wuyan ya ƙara lanƙwasowa gaba fiye da da. Sai direban ya fashe da dariya, mai goro ya bi shi, Tsoho yana murmushi yana shafa gemu. Ni ma na yi dariyar, har da riƙe ciki. Na hango kakata a ƙofar cikin gida da ƙwarya a hannu, ta dube mu ta juya ta koma ciki.

Tsoho ya hana a mai da jitar ɗaki. Ya sa aka jingine ta a bangon zaure, ya kuma riƙe abokansa har la'asar. Baffa ya iso da buhun gyaɗa a bayan keke, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya durƙusa ya gaida su, ya fara ba da bayanin gona, sai idonsa ya kai bango.

Tsoho ya ce, "Mun ga kana wahala da ita, muka ce mu taimaka. Ɗiyarka ta gyara maka da hannunta."

Baffa ya ja jiki ya ɗauko ta. Ya shafa tsagar da ɗan yatsa. Ya zura alankin ya juya, ya juya, yana ta tafiya a banza. Bai ɗago kai ba. Wa zai yi wa magana? Uba bai taɓa ba, ga shaidu biyu. Wadda ta taɓa kuma 'yar shekara goma ce, tana zaune a kan buzun uban.

Tsoho ya ce, "Ban ji ka yi mata godiya ba."

Baffa ya ajiye alankin. Ya juyo ya dube ni, a durƙushe yake, ni ina sama da shi. Ya ce, "Na gode."

Ban taɓa jin abin da ya kai wannan godiya muni ba, amma ba a ranar na ji munin ba. A ranar sunkuyar da kai na yi ina wasa da gefen zanena, ina jira a sake yin dariya.

Ya yi ƙoƙari, kada a ce bai yi ba. Ya kai wa kafinta a bakin kasuwa, ya kai wa mai walda, ya shiga mota har Katsina. Kowa ya juya ta ya ce sai an ɓare wuyan gaba ɗaya kafin a kai ga rodin, kuma bai taɓa yi ba. Kafintan ya cika tsagar da gam ya buga ƙananan ƙusoshi, da aka ɗaure tsirkiya sai ta sake buɗewa. Ruwan farko ya sauka ana saura kwana biyu Asabar. Ranar Asabar ɗin Baffa yana Ƙofa, yana bin masu saran shuka yana zuba iri yana rufewa da diddige.

Jitar kuwa gida ne ya cinye ta a hankali. Yara maza suka kwance tsirkiya biyu suka yi tarkon kurciya. Ɗaya aka ɗaure ƙofar akurkin kaji da ita. Wuyan ya shiga murhu wata rana da itace ya jiƙe. Gangar jikin, da yake katako ne mai kauri, mata suka mai da ita abin yanka kuɓewa da alayyafo, jan fentin yana fita kaɗan-kaɗan a bakin wuƙa. Shekaru tana madafa, Baffa yana wucewa ta gabanta kullum in zai ɗebi ruwan alwala. Tsoho ya mai da shi kwanonsu, ya daina jefa masa goro, yana gaya wa baƙi cewa yaro ya shiryu. Aka yi masa aure a Kafinsoli, ya zama manomi, kuma manomi na ƙwarai. Amma ya zama mutum mai shiru da zafin hannu. 'Ya'yansa sun tashi suna tsoronsa, in ɗayansu ya tambaye shi dalilin wani abu, amsar ɗaya ce, tashi ka ba ni wuri. Ni bai taɓa yi mini ko tsawa ba. Ya dai daina duban fuskata in muna gaisawa.

Tsoho ya rasu ina kwalejin horon malamai. Kafin ya cika ya tara 'ya'yansa ya nemi gafararsu, kowa ya ce ya yafe, har da Baffa, an ce da kuka ma ya faɗa. Yanzu zauren nan an fasa shi an yi shago, samari na cajin waya suna tura wa mutane waƙoƙi. Wani jikan gidan yana da ɗakin haɗa kiɗa a Katsina, yana waƙa a bukukuwa, shi ya sake wa rabin gidan rufi. Ba wanda ke ce masa maroƙi. In ya zo da mota tsofaffi har titi suke fitowa suna sa masa albarka, 'yan mata na gida suna nuna hotonsa suna cewa ɗan'uwansu ne. Abin da aka durƙusar da mutum a kansa shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, yau shi ake alfahari da shi a gida ɗaya, kuma ban ji wanda ya tsaya ya ce an yi kuskure ba.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je Kankiya. Na iske Baffa a rumfar ƙofar sashensa yana ɓarar gyaɗar iri. Ya haura sittin, ciwon ƙafa ya hana shi zuwa gona, ya rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da "Malama, an zo lafiya," idonsa a kan ƙwarya. Na daɗe ina shirya maganar a raina, na kuma shirya jin amsar da kowane babba zai bayar, cewa yarinta ce, ya wuce.

Na ce, "Baffa, ranar nan a zaure, na san zai tsinke. Ina sane na yi. Ka yafe mani."

Bai daina ɓara ba. Ya ce, "Na san kin sani. Ni na koya maki."

Sannan ya ce, "Baba na yafe mashi, don na gane nashi. Tsoro ya ji, kada gona ta mutu, kada a yi mashi dariya a gari. Ke ce har yau ban gane ba. Don me?"

Ya ɗago ya dube ni sosai, karo na farko a cikin shekarun nan duka. Na ga amsar da yake jira. In ce ba na so ya tafi ne, in ce shi kaɗai ke saurarona a gidan, na ji tsoron rasa shi. Tana kan harshena, kuma da na faɗa zai yarda. Amma na riga na cuci mutumin nan sau ɗaya da bakina.

Na ce, "Suna kallona ne, Baffa. Suna dariya. Daɗi na ji."

Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Da kin ce don kada in tafi ne, da na yafe tun ba ki rufe baki ba."

Ya mai da kansa kan ƙwarya. Na zauna a wurin ina jira ya ƙara wata magana, har aka kira la'asar. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, na yi sauri na miƙa masa butarsa, ya ce in bar ta, zai iya ɗauka.